Darasi Na 14: Tabon Da Korona Take Bari A Huhu

1. MANOMIN DA AKA CE YA WARKE

Jama'a, yau za mu karanta labarin huhu. Amma bari mu fara da misali, don kowa ya gane inda maganar ta nufa.

A ce ga wani magidanci a ƙasar Shagari. Manomi ne ƙaƙƙarfa. In an fita gayya, shi ne kan gaba. Ran nan sai zazzaɓi ya kama shi, da tari, da ciwon jiki. Ya daina jin ƙanshin abinci. Bayan kwana bakwai numfashi ya fara yi masa wuya. Aka ɗauke shi a mota, aka bi ta Boɗinga, aka kai shi Sakkwato. Likita ya auna shi, ya ce korona ce. Ya yi mako biyu a kwance, ana ba shi iska ta hanci. Sa'an nan aka sake awo, aka ce cutar ta fita. Aka sallame shi. 'Yan'uwa suka yi ta zuwa barka.

Da damina ta faɗi, ya ɗauki garma ya tafi gona. Bai kai rabin kunya ba sai ya tsaya, ya dafa gwiwa, yana haki kamar wanda ya yi tsere. Ya huta, ya sake gwadawa. Haka dai.

Ƙanensa ya dube shi, ya ce, "Yaya, ba an ce ka warke ba?"

Ya ce, "Haka aka ce."

Ƙanen ya ce, "To, mene ne kuma? Ga ciyawa tana neman cinye gero."

Ya ce, "Wallahi ƙarfin yana nan a hannuna. Numfashin ne ba ya isa."

Magana ta bazu a gari. Waɗansu suka ce kwanciyar asibiti ta koya masa lalaci. Waɗansu suka ce sammu ne. Waɗansu kuwa suka daina cin tuwo tare da shi, wai kada ya shafa musu. Ya sayar da tunkiya ya sayi magunguna a kasuwa. Wanzami ya yi masa ƙaho a ƙirji. Duk ba abin da ya sake.

To, wannan mutum ba rago ba ne, ba kuwa sammu aka yi masa ba. Cuta ce ta wuce, ta bar masa tabo a inda ido ba ya gani. Abin da za mu koya ke nan yau.

2. INDA CUTAR TA FITO

Korona sunan wani dangi ne na ƙwayoyin cuta. Ƙanana ne ƙwarai, ido ba ya ganinsu. Suna fita daga bakin mai ciwo da hancinsa in ya yi tari, ko atishawa, ko magana. Na kusa da shi ya shaƙa.

Wadda ta same mu an fara ganinta a birnin Wuhan na ƙasar Sin, cikin watan Disamba, 2019. Ran 27 ga Fabrairu, 2020, aka sami mutum na farko da ita a Nijeriya, a Legas. Cikin watan Afrilu na wannan shekara ta iso Kano da Sakkwato. Kun tuna yadda aka rufe makarantu, aka hana tafiye-tafiye. A shekarar ma alhazanmu ba su sami zuwa Hajji ba. Allurar rigakafi ta fara isowa Nijeriya ran 2 ga Maris, 2021. Ran 5 ga Mayu, 2023, Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce dokar ta-ɓaci a kan wannan cuta ta ƙare. Amma ba ta ce ƙwayar ta ɓace ba. Tana nan, ƙarfinta ne a kan jama'a ya ragu.

Ku lura da abu ɗaya. Mutane da yawa sun kamu ba su sani ba. Sun ɗauka mura ce, ko zazzaɓin sauro, suka sha magani a gida. Saboda haka mai fama da haki yau kada ya ce, "Ai ni ba a taɓa ce mini ina da korona ba." Rashin awo ba shi ne rashin cuta ba.

3. YADDA HUHU YAKE

Kowa a nan ya taɓa ganin an feɗe ragon layya. Ku tuna da huhunsa. Ja-ja ne, ba nauyi, ga laushi kamar soso. In yara suka hura maƙogwaron, sai huhun ya kumbura. In suka saki, ya saɓe. Namu ma haka yake. Guda biyu ne, na dama da na hagun. Na dama kashi 3 ne, na hagun kashi 2, gama zuciya ta ɗan tare masa wuri.

Maƙogwaro kamar gindin itace ne. Ya rabu biyu, ko wane ya yi rassa, rassan suka yi 'yan rassa, har suka zama sirara kamar zare. A ƙarshen ko wane akwai 'yan jakunkuna kamar kumfar sabulu. A ƙirjin mutum ɗaya sun fi miliyan 300. Fatarsu ta fi ɓawon albasa rashin kauri nesa ba kusa ba. Jijiyoyin jini ƙanana sun kewaye su.

In ka ja numfashi, iska tana cika jakunkunan nan. A cikin iska akwai wani sashe mai amfani da ake kira oksijin. Shi ne yake ratsa wannan siririyar fata ya shiga jini. Jini ya kai shi ko'ina cikin jiki. Sa'an nan jini ya kawo gurɓatacciyar iska, ka fitar da ita. Kamar yadda wuta ba ta ci sai da iska, haka jiki ba ya aiki sai da oksijin.

4. YADDA TABO YAKE SAMUWA

In korona ta tsaya a hanci da maƙogwaro, abin da sauƙi. Yawancin mutane a nan take tsaya musu, su warke sarai. Amma in ta gangara cikin huhu, sai jakunkunan nan su kumbura, su cika da ruwa. Shi ya sa mai ciwo yake neman iska kamar wanda ya nutse a gulbi.

Jiki yana yaƙi da cutar har ya kore ta. Daga nan sai ya shiga gyara. A wurin mutane da yawa gyaran yana yin kyau, huhu ya koma yadda yake. A wurin waɗansu kuwa gyaran yana barin tabo.

Ku dubi tabon ƙuna a hannu. Ciwon ya warke, ba zafi, ba ruwa. Amma fatar wurin ta yi tauri, ba ta miƙewa, gashi ba ya fita. To, haka tabon huhu yake. Fatar jakunkuna ta yi kauri, oksijin ba ya ratsawa da sauri.

Ko kuwa ku dubi zugazugin maƙeri. In fatar tana da laushi, da ɗan motsi kaɗan wuta ta kama. In ta bushe ta ƙandare, yaron maƙeri zai yi ta zuga har ya gaji, iska kaɗan ce take fita. Mai tabon huhu in yana zaune ba ya jin kome, gama jiki ba ya neman iska da yawa. Da ya ɗauki garma, ko ya hau tudu, ko ya ja guga, sai zugazugin ya kāsa.

Ba tabo kaɗai yake kawo haki ba. Akwai waɗansu abubuwa uku. Na ɗaya, korona takan sa jini ya daskare a cikin jijiyoyin huhu, ya toshe hanya. Na biyu, takan taɓa zuciya. Na uku, doguwar kwanciya tana raunana naman jiki, har da naman da yake motsa ƙirji. Likita ne kaɗai zai iya rarrabe su, kuma ko wane da irin maganinsa.

5. ABIN DA LIKITOCI SUKA GANI

Wannan ba zato ba ne. An bi sawun waɗanda suka warke, an auna su.

A birnin Wuhan likitoci sun sake duba mutum 1,733 da aka sallama daga asibiti, bayan wata 6. Suka buga abin da suka gani cikin watan Janairu, 2021. Fiye da rabinsu suna da sauran wata damuwa. Mafi yawa gajiya ce da raunin jiki. Waɗanda ciwon ya fi tsananta musu, su ne aka fi samun huhunsu bai koma daidai ba.

Tun kafin wannan, a shekarar 2003, wata korona da ake kira SARS ta bazu a ƙasar Sin da waɗansu ƙasashe. An bi waɗansu ma'aikatan asibiti na birnin Beijin da suka kamu da ita har shekara 15. Aka ga yawancin gyaran huhu a shekarar farko yake faruwa. Abin da ya rage bayan nan yakan zauna yadda yake.

A cikin wannan akwai albishir, akwai kuma gargaɗi. Albishir shi ne, huhu yana gyaruwa a hankali, wata bayan wata, kuma a wurin yawancin mutane tabon ba ya ƙaruwa. Gargaɗi shi ne, wani tabon ba ya ɓacewa. Mai shi zai koyi zama da shi, ya kuma tsare sauran huhun da ya rage masa lafiya.

Cikin watan Oktoba, 2021, Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba da ma'auni. Ta ce in wata 3 ya cika daga fara ciwo, mutum yana nan da haki, ko gajiya, ko ruɗewar tunani, abin kuwa ya kai wata 2 yana damunsa, kuma ba a sami wani dalili ba, to, a lissafta shi cikin masu fama da sauran korona.

Waɗanda abin ya fi samu su ne wanda ya kwanta asibiti aka ba shi iska, da tsofaffi, da masu shan taba, da masu ciwon sukari ko hawan jini, da wanda dā ma yana da ciwon ƙirji. Amma yakan sami saurayi ma.

Ku riƙe wannan da kyau: tabo ba ya yaɗuwa. Ba a ɗaukarsa a ƙwarya, ba a ɗaukarsa a sahun salla. Wanda ya guji ɗan'uwansa saboda tabo ya zalunce shi a banza.

6. KADA A RUƊE DA TARIN FUKA

Akwai wata cuta da ta daɗe a ƙasarmu, watau tarin fuka, wanda ake kira tibi. Ita ma tana kawo tari da haki da gajiya. Ita kuwa tana yaɗuwa, tana kisa in an ƙyale ta. Alamunta su ne tari na mako 2 ko fiye, da zufa da dare, da rama, da zazzaɓin yamma, wani lokaci da jini a kaki.

Saboda haka kada kowa ya zauna a gida ya yanke wa kansa hukunci, ya ce sauran korona ne. A je a auna kaki. Awon tarin fuka da maganinsa kyauta ne a asibitocin gwamnati da aka keɓe don haka. Ana shan maganin wata 6, ana warkewa.

7. ABIN DA ZA A YI A ASIBITI

A fara da asibitin da yake kusa. Malamin asibiti zai saurari ƙirji. Zai maƙala wani ɗan abu a yatsa, wanda yake nuna yawan oksijin a jini. Mai lafiya yakan nuna 95 zuwa 100. Watakila ya sa ka yi tafiya ta minti 6, ya sake aunawa, gama wani ba ya nuna kome sai ya motsa. In ya ga da bukata, zai ba ka takarda zuwa Sakkwato, kamar Asibitin Koyarwa na Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo. A can ake ɗaukar hoton ƙirji, a kuma haɗa ka da likitan da ya san wannan fanni.

Ga alamun da ba a kwana da su a gida. In an ga ɗaya, a nemi mota nan da nan:

Haki alhali mutum yana zaune ba ya aikin kome.
Ciwon ƙirji mai suka.
Tari da jini.
Leɓe ko harshe ya yi toka-toka.
Ƙafa ɗaya ta kumbura tana zafi.
Mutum ya rikice, ba ya gane mutane.

8. ABIN DA ZA A YI A GIDA

Na ɗaya, a guji hayaƙi. Mai shan taba ya bari, yau ba gobe ba. Kada a hura gawayi a ɗaki a rufe ƙofa don sanyi. Kada a kwana da hayaƙin maganin sauro, a nemi gidan sauro. Mata su yi girki a fili, ko a buɗe tagar madafa, a kuma yi amfani da busasshen itace. Mace mai haki a ɗauke mata girki in da hali.

Na biyu, a guji ƙura. Lokacin hunturu a rufe hanci da baki da rawani, ko mayafi, ko takunkumi. A yayyafa ruwa kafin shara. Mai tabon huhu kada ya tsaya inda ake sussuka da shiƙa, ƙaiƙayi ba abokinsa ba ne.

Na uku, a koyi numfashi. Ka zauna, ka saki kafaɗu. Ka ja iska ta hanci kana ƙirga ɗaya, biyu. Ka tsuke baki kamar mai hura kunu mai zafi, ka fitar a hankali kana ƙirga ɗaya, biyu, uku, huɗu. Ka ɗora hannu a ciki, ka ji yana tasowa in ka ja iska. A yi haka safe da yamma. In haki ya taso, ka zauna ka sunkuya kaɗan, ka dafa gwiwa, ka yi irin wannan numfashi har ya lafa.

Na huɗu, a motsa jiki, amma da lissafi. Zama wuri ɗaya yana ƙara rauni. Yau ka taka zuwa ƙofar gida. Bayan kwana kaɗan ka kai masallaci. Sa'an nan bakin kasuwa. Ma'aunin shi ne, ka iya magana kana tafiya. In ba ka iya ba, ka tsaya. In ka yi aiki yau, gobe ka kāsa tashi, to, ka zarce, sai ka rage. Sannu ba ta hana zuwa.

Na biyar, a ci abinci mai gina jiki: wake, nono, ƙwai, kifi, gyaɗa, zogale. A ci kaɗan-kaɗan, gama cikakken ciki yana danne numfashi. A sha ruwa sosai.

Na shida, a tsare dukiya. Ƙaho da tsaga ba sa kai wa ga huhu. Kafson da ake talla a kasuwa ba ya goge tabo. Kuɗin da za a ɓatar a nan, a ajiye shi don kuɗin mota zuwa asibiti. A kuma tambayi malamin asibiti maganar rigakafi, gama sake kamuwa yana iya ƙara ɓarna a kan ɓarna.

9. AMFANIN KARATU

Mu koma ga manominmu. A ce yana da ɗa a ajin yaƙi da jahilci, kamar ku. Ɗan ya sami ɗan littafi, ya ja layi. Kullum da safe, uban yana zaune a huce, sai ya duba agogo ya ƙirga numfashinsa na minti ɗaya. Babban mutum mai lafiya yakan yi 12 zuwa 20. Ya rubuta kwanan wata, ya rubuta adadi, ya rubuta inda uban ya iya takawa ran nan.

Ran da suka je asibiti, malamin ya ce, "Baba, tun yaushe abin ya fara?"

Uban ya ce, "Ai ya daɗe, Malam."

Ɗan ya miƙa littafi, ya ce, "Ga shi a rubuce, Malam."

Malamin ya duba, ya ce, "Madalla. Wannan ya rage mini rabin aiki." Aka auna kaki, ba tarin fuka. Aka tura su hoto, aka ga tabo a gindin huhu. Likita ya ce da ƙanen, "Yayanka ba lalaci yake yi ba. Ku raba aiki. Ku ɗauki huɗa da noma, ku bar masa shuka, da kiwo, da tsaron rumbu."

Haka aka yi. Da wata damina ta zagayo, yana iya noma da sassafe, ya huta in rana ta ɗaga. Bai koma kan gaba a gayya ba. Amma gidansa bai rasa hatsi ba, tumakinsa kuwa suka tsira daga masu tallan magani.

To, 'yan'uwa, daga Sifawa zuwa Dancaɗi, daga Kajiji zuwa Dandin Mahe, ba a rasa mai irin wannan haki, namiji ko mace. In kun koma gida, ku karanta masa wannan darasi. Kada ku yi masa gori. Ku raka shi asibiti, ku ɗauke masa aiki mai nauyi. In kunne ya ji, jiki ya tsira.

TAMBAYOYI

1. A wace shekara korona ta iso Sakkwato?
2. Mene ne aikin 'yan jakunkunan da suke cikin huhu?
3. Don me mai tabon huhu ba ya haki in yana zaune, sai ya fara aiki?
4. Ana ɗaukar tabon huhu daga wani? Tarin fuka fa?
5. Faɗi alamu 3 da ba a kwana da su a gida.

AIKIN RUBUTU

Ku rubuta wannan sau 3: Tabo ba lalaci ba ne. Mai haki ya je asibiti.

AIKIN LISSAFI

Mutum yana numfashi sau 15 a minti ɗaya. Sau nawa zai yi a minti 10? Sau nawa a awa ɗaya?

AIKIN GIDA

Kowa ya ƙirga numfashin mutum 2 a gidansu, suna zaune a huce. Ya rubuta adadin, ya kawo wa malami ran aji mai zuwa.